Gurnanin da ya kusa cinye min furojet

Saura kwana 12 mu kare furojet, rediyon FM ɗin da na haɗa ya fara gurnani. Da na jona kebul ɗin eriya sai lasifika ta ɗauki "huuum", in na cire ta yi tsit. Kwana biyu ina zargin taransifoma, har na sayi sabuwa da kuɗin abincina.

Ashe laifin na ragar kebul ne, wannan saƙar wayar da ke lulluɓe da ta tsakiya. A sama tana taɓa ƙarfen eriya da aka kafa a ƙasa, a ɗakin gwaji kuma kan BNC ya haɗa ta da akwatin, wanda ke da nasa atin ta soket. Atin biyu, ƙarfin wutarsu ba ɗaya ba, sai wutar 50Hz ta mayar da ragar hanyarta.

Ni da gaggawa sai na yanke ragar. Gurnani ya tafi, tashoshi ma suka bi shi, sai shuuu kawai.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa ne ya dube ni ya ce, "Yaro, ƙofa za ka sa, ba katanga ba." Ya sa na raba kan BNC da jikin akwatin da wosha ta roba, sannan na haɗa su ta kafasita mai 10nF. Da na koma hostel na buga lissafin da muka yi a aji don cin jarrabawa kawai: a 50Hz kafasitar na tare wuta da kusan ohm 318,000, a 100MHz kuwa bai kai ohm ɗaya ba. Wallahi sai da na ji kunya, shekara guda dabarar na cikin littafina.

Karon farko bai yi daidai ba, don na bar wa kafasitar dogayen ƙafafu. A wannan mita, santimita ɗaya na waya kan ƙara kusan ohm 6. Na gutsure su, na jera kafasita uku kewaye da kan, na ƙara resista 1MΩ don cajin da iska ke tarawa ya samu mafita.

Baba ya ja min kunne a kan abu biyu: kafasitar ta zama mai jure babbar wuta, kuma kada in kuskura in cire atin ɗin ƙarfen eriya, don kafasita ba ta tare tsawa.

Ranar kare furojet, malamin da ya fi kowa tsanani ya kara kunnensa a lasifika ya daɗe, sannan ya tambaye ni dalilin kafasita uku maimakon ɗaya.