Susanna Al-Hassan, 'Yar Tamale

A Tamale, can arewacin Gana, aka haifi Susanna Al-Hassan cikin 1927, zamanin da ba a cika sa 'ya'ya mata makaranta ba. Ita kuwa aka sa ta, har ta kai Achimota. Cikin 1955 ta zama shugabar makarantar midil ta 'yammata a Bolgatanga. Da gwamnatin Nkrumah ta keɓe wa mata kujeru goma a majalisa cikin 1960, sai ta sami ɗaya. Shekara na kewayowa aka naɗa ta mataimakiyar ministan ilmi, matsayin da wata mace ba ta taɓa takawa ba a Gana. Ta rasu cikin 1997.

To, jama'a, da an tsare yarinyar nan a gida, wa ya yi hasara?