Buzuzu, fara da maganin kansa

Ran Talata muna cikin shiri kai tsaye, wata baiwar Allah ta kira mu daga wajen Tahoua. Ta ji a WhatsApp wai an gano maganin kansa cikin ƙwari. Tambayarta: ta riƙa soya wa yayarta fara, su bar zuwa likita? Gabanmu ya faɗi, don labarin na da tushe, murɗe shi aka yi.

Gaskiya ne masu bincike na tona cikin ƙwari. A 2013, a wata jami'a ta Seoul, Koriya ta Kudu, sun samo bakteriya mai suna Streptomyces jikin tsutsar buzuzu. Tana fitar da sinadarin tripartin, wanda ya canza aikin ƙwayoyin kansa a labo. Dangin bakteriyan nan ne ya ba duniya doxorubicine, jan ruwan da ake ɗaura wa masu kansar mama.

Amma daga labo zuwa jijiyar mutum tafiyar shekaru ce: gwaji kan ɓeraye, sannan mutane, kuma yawancin sinadaran a hanya suke faɗuwa. Fara abinci ce, ba ta kashe kansa.

Tun 2021 akwai injin radiyoterapi a cibiyar CNLC ta Yamai. Wadda ta ji ƙullutu a mama ta je CSI tun yana ƙarami, kar ta jira buzuzu.

Mun roƙi baiwar Allah ta maida yayarta likita. Allah ya ba ta lafiya, amin.