Injin da ke shaƙewa da fetur: abin da na koya wurin masu haɗa jirgin sama a gareji

Yau ba gyaran waya zan kawo muku ba, ko da yake waya ce ta fitar da ni kunya a ƙarshe. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Lokacin zafin da ya wuce, wani kwastomana da na saba canja wa sikirin ya shigo shago da akwatin ƙarfe a leda. Ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwar motata ce. Bakanike ya ce ta ƙone, sai zuba fetur take yi a inji. Tunda kana gyaran bod ɗin waya, duba min." Motar Mazda RX-8 ce, irin wadda ba kowane gareji ke karɓa ba. Na buɗe, na ga wani transisto da launinsa bai yi min ba. Ban auna komai ba, wallahi. Na sa bulowa na cire shi, na nemo makamancinsa na ɗora, na karɓi dubu goma sha biyar. Aka mayar, mota ta tashi, na shiga yi wa maƙwabtana a kasuwa alfahari. Kwana biyu ta sake shaƙewa. Ashe abin da ya tashe ta tun farko fulogogin da bakanike ya busar ne, ba aikina ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na sayi data na shiga bincike, kuma abin mamaki, waɗanda na samu sun fi kowa iya bayanin matsalar ba masu mota ba ne. Wasu mutane ne a Amurka da ke cire irin wannan injin daga mota su ɗora wa ƙaramin jirgin sama da suka haɗa da hannunsu a gida.

A can doka ta yarda da hakan. Hukumar FAA tana yi wa irin waɗannan jirage rajista a matsayin na gwaji, muddin mai shi ne ya yi fiye da rabin aikin, abin da suke kira dokar kashi 51. Idan injin ba wanda aka tantance don jirgi ba ne, yawanci sai mutum ya yi awa 40 yana gwajin tashi a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja. Ƙungiyarsu EAA tun 1953 take, duk shekara suna taruwa a Oshkosh da ke jihar Wisconsin. Cikin waɗanda suka yi suna da wannan injin akwai Tracy Crook, wanda ya sa Mazda 13B a jirginsa RV-4.

Shi injin ba shi da fistin. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, na farko ya fara aiki a kamfanin NSU a 1957. A ciki wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, rota, yake juyawa a cikin ɗaki mai kamar siffar kwanson gyaɗa. 13B yana da rota biyu, kowanne cc 654, kowanne da fulogi biyu. Ƙarami ne a jiki, ga ƙarfi, ga ƙarancin jijjiga, shi ya sa masu jirgi ke son sa. Sai dai yana gudu har wajen 6,000 a minti, farfela kuwa ba ta son wuce 2,700, don haka sai sun sa giya a tsakani ta rage gudun.

To ga inda matsalar take. A kan kowace kusurwa ta rota akwai wani siririn ƙarfe da ke goga bango, shi ne madadin ringi. Ba ya riƙe iska sosai sai da ɗan maiƙon baƙin mai a bangon. Idan fetur ya yi yawa, zai jiƙa fulogi, kuma ya wanke maiƙon nan. Matsin iska ya faɗi. Sai ka ji kik yana juya inji da sauri, sakayau, kamar babu komai a ciki. Kai kuma ka ci gaba da murza makulli, kowane murzawa nozul na ƙara zuba wani man. Kanikawanmu suna ce masa obafulo. A motar fistin sau da yawa ka bar ta minti goma ta tashi. Wannan kam yana iya kwana a haka.

Mai mota idan ya yi canki-canka ya faɗi, asarar kuɗi ce da jin kunya, kamar ni. Mai jirgi kuwa, in nozul ɗaya ya maƙale a buɗe yana sama, rota ɗaya ta mutu, rabin ƙarfinsa ya tafi ko fiye, kuma babu gefen titin da zai faka. Shi ya sa ba sa fara tambayar wane kaya ne ya lalace. Tambayarsu ita ce: a wane lokaci man yake shiga?

Da farko suna kunna famfon mai shi kaɗai, a zare soket ɗin kowane nozul, a ɗaura geji a layin mai. A irin tsarinsu matsin yakan tsaya kusan bar 3. A kashe famfo a zuba wa allurar ido. In ta tsaya, madalla. In ta zube nan da nan, mai na sulalewa ta wani wuri, kuma tunda babu wuta a nozul, ƙwaƙwalwa ba ta da hannu a ciki. Ko nozul ne ke ɗiga saboda datti, ko bawul ɗin famfo ne, ko regileta. Regileta tana da ɗan tiyon iska da ke zuwa bakin inji; a zare shi, in an ga danshin fetur, robar cikinta ta fashe, inji na shan mai ta bayan gida. In kuma allurar ta haura sama da ƙima, layin da ke mayar da mai tanki ne ya toshe. Da yawansu suna da famfo biyu don tsaro, to in layin komawa siriri ne, kunna su tare ma kan iya ɗaga matsin.

Na biyu shi ne ya fi ba ni haushin kaina, domin aikinmu ne na masu mita. Nozul wayoyi biyu gare shi. Ɗaya tana ɗauke da bolt 12 muddin makulli na kunne. Ɗayar ita ƙwaƙwalwa ke taɓawa da nagetib, na 'yan milisakan, ta saki. Ka ga kenan in wayar nan ta biyu ta goge ta taɓa bodi, ko transiston da ke riƙe da ita ya yi shot, nozul zai buɗe ya ƙi rufewa tun kafin a taɓa kik. Gwajin bai fi minti biyu ba: sa ƙaramin kwan gwaji a soket ɗin, kunna makulli. In ya kama ya tsaya, akwai shot. Zare ƙwaƙwalwar. In har yanzu yana kunne, waya ce. In ya mutu, to yanzu ne kake da hujjar buɗe akwati. Ni na buɗe ba tare da wannan hujjar ba.

Akwai wani tarko a nan da masu haɗe-haɗe ke faɗawa. Nozul iri biyu ne, mai om 12 zuwa 16 da mai om 2 zuwa 3. Ka sa na biyun a akwatin da aka yi don na farko, ba tare da resisto ba, zai ja wutar da za ta gasa transiston. Kamar dai ka jona cajar da ba ta dace ba.

Na uku, komai lafiya har sai an murza kik. A nan ƙwaƙwalwa tana aikinta daidai, amma wani yana yi mata ƙarya. Sensar zafin ruwa ita ce ta farko da ake tuhuma: om ɗinta na raguwa idan ta ji zafi, wajen 2,500 a digiri 20, wajen 300 a digiri 80. Duk abin da ya ƙara om a hanya, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka sanyi ake, ta ƙara mai. A jirage akwai kuma sensar matsin iska; in tiyonta ya zare ko ya tsage, akwatin zai zaci an buɗe totur gaba ɗaya alhali inji na silo. Wasu akwatunan suna da makunnin tashin sanyi da matuƙi ke kunnawa da hannu, mantawa da shi kaɗai ya isa. Sannan kar a manta, wani lokaci man daidai yake, wuta ce babu: kwayil ya gaji, ko batir ya yi rauni kik ba ya juyawa da kyau. A RX-8 wannan ma ya fi yawa, tare da ɗabi'ar tada ta da sanyi a matsar da ita a kashe nan take.

Washegari na rufe shago na tafi garejin. Na ce wa bakaniken, "Oga, don Allah ba raini ba ne, ka ba ni awa ɗaya." Dattijo ne mai haƙuri, ya ce bismillah. Ba mu da geji, amma kwan gwaji ya nuna babu shot. Sai na fito da ɗan abin nan ELM327 da na aro, na soka a soket ɗin OBD2 da ke ƙasan sitiyari, na haɗa shi da wayata ta Bluetooth, na buɗe manhajar Torque. Mota ta kwana a ajiye, ƙarfe sha ɗaya na safe, zufa na keto mana. Waya ta ce zafin ruwan inji digiri 3 ne.

Muka zare soket ɗin sensar, ga shi nan ya yi kore shar, irin tsatsar da nake gani kullum a wayar da ta faɗa ruwa. Da a ce wayar ta tsinke gaba ɗaya, da ƙwaƙwalwa ta gane ta kunna fitilar gargaɗi. Amma digiri 3 abu ne mai yiwuwa, sai ta yarda. Na goge da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na matse bakin. Waya ta ce 36.

Saura fitar da man da ke ciki. A RX-8, in ka take totur har ƙasa kana murza kik, ƙwaƙwalwa na yanke mai, wannan kan wadatar in shaƙewar ba ta yi nisa ba. Tamu ta yi nisa. Muka cire fis ɗin famfo, muka zare soket ɗin kwayil, muka cire fulogogi, muka juya inji sakan goma-goma ana hutawa, fetur na feshi ta ramukan. Don Allah in za ka yi wannan, ba sigari, ba janareta a kusa. Masu jirgi su har ɗaure jirgin suke yi, su kori kowa daga wajen farfela, da abin kashe gobara a hannu, domin man da ya taru a salansa na iya kamawa. Muka ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin fulogi don maiƙon ya dawo, muka mayar da komai. A murzawa ta uku ta tashi, da hayaƙin da ya sa mai shayin gefe ya zo tambaya.

Na mayar wa mai motar kuɗinsa, ya karɓi goma ya bar min biyar. Baƙin man ma sai da aka juye, don warin fetur yake. Transiston da na cire yana nan a durowata. Na auna shi daga baya, lafiyarsa ƙalau. Motar tana tashi da safe yanzu ba gardama, amma in ta yi zafi sai an ɗan ja kik, kuma Oga yana zargin makonnin da aka yi ana murza ta a bushe sun ci ƙarafan kusurwar. Mako mai zuwa za a auna matsin iskar.