Ɗalibi Da Majigi A Birnin Dakka

A ƙasar Hausa, da zarar an ambaci silimar wajejen Indiya, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne awa uku na waƙa da rawa da kuka cikin harshen Hindi. To, amma can gabas akwai wata al'umma, Bangalawa, masu nasu harshe da nasu adabi, waɗansunsu a Indiya wajen Kalkata, waɗansu kuwa a ƙasar Bangaladash. Ni dai ta ƙofar harshe na shiga gidansu, domin a ajinmu ne malaminmu ya ba mu labarin ɗaliban da 'yan sanda suka harbe a birnin Dakka ran 21 ga Fabrairu, 1952, saboda sun ƙi yarda a danne harshensu. Garin bin diddigin wannan labari na ci karo da wani ɗan gajeren fim mai suna Agami, wato abin da ke tafe, kuma tun daga ranar ya hana ni sakat.

Wanda ya shirya shi, Morshedul Islam, ba wani hamshaƙi ba ne. Ɗalibi ne kamarmu, yana karatun haɗa magunguna a Jami'ar Dakka. Fim ɗin ya fito a 1984, tsawonsa kamar minti 25. Yana magana ne a kan abin da ya biyo bayan yaƙin neman 'yanci na 1971, wanda aka yi wata tara ana gwabzawa da sojojin Pakistan: waɗanda suka yi yaƙin sun koma ƙauye cikin tsiya, alhali kuwa waɗanda suka mara wa abokan gaba baya sun sake ɗago kai. Ga shi kuma a lokacin soja ke mulki, tun da Janar Ershad ya ƙwace ragama a 1982. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba dukiyarsa a irin wannan zance?

A zamanin nan, mai son yin fim a Dakka hanya ɗaya gare shi. Sai ya bi ta ma'aikatar fim ta gwamnati, wadda aka kafa a 1957, ya ɗauki hotonsa a zare mai faɗin milimita 35, ya nemo taurari, sa'an nan ya roƙi masu gidajen silima. Wannan saurayi sai ya ratse. Ya ɗauka a zaren milimita 16, wanda ya fi araha, na'urarsa kuma mutum ɗaya na iya saɓa ta a kafaɗa. Ya jawo 'yan wasan dandamali suka fito masa.

Kada mai karatu ya ɗauka araha na nufin sauƙi. Naɗi ɗaya na ƙafa 400 minti 11 kacal yake ɗauka, fim na minti 25 kuwa yana cin kamar ƙafa 900, ban da abin da ya lalace. Ba a gogewa a sake. Idan ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, to, kuɗi sun ƙone. Ba kuma za ka ga abin da ka ɗauka ba sai an wanke zaren, daga nan a zauna a yanka a liƙa da hannu, a daidaita murya da hoto. Don haka tilas mutum ya gama kallon fim ɗinsa a zuci kafin ya taɓa na'ura. Da ma Bahaushe ya ce da rashin tayi akan bar araha, amma bai ce arahar ba ta da ƙaya ba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne abin da ya faru bayan an gama. Injinan gidajen silima na milimita 35 ne, ba su karɓar wannan zare. Sai samarin suka ɗauki injinsu suna bin zaurukan taro da ɗakunan karatu da makarantu, suna kafa farin ƙyalle, jama'a na zuwa kallo. Da na ba kakana wannan labari, dariya ya yi ya ce, "Ai jikana, majigi ke nan!" Ya tuna mini yadda motar majigi kan zo ƙofar fada da almuru a zamanin En'e. Bambancin ɗaya ne: majiginmu hukuma ce ta aiko shi ya faɗa wa talaka abin da take so, nasu kuwa ɗalibai suka ɗauko shi su faɗi abin da hukuma ba ta ƙaunar ji.

A farkon 1985 Agami ya ci kyautar Ɗawisun Azurfa a bikin finafinai na duniya da aka yi a Delhi. A 1984 ɗin nan kuma Tanvir Mokammel ya fitar da nasa gajeren fim, Hooliya, wanda ya gina a kan wata waƙa ta Nirmalendu Goon. A 1986 suka kafa ƙungiyar masu gajerun finafinai ta Bangaladash, a 1988 suka shirya bikinsu na farko a Dakka. Cikin wannan ayari Tareque Masud ya taso, wanda fim ɗinsa Matir Moina ya sami kyauta a bikin Cannes na Faransa a 2002.

Abin da na tsinta shi ne, cin gashin kai a fim bai tsaya ga wanda ya biya kuɗin ɗauka ba. Wanda ke riƙe da hanyar da za ta kai ka ga mai kallo, shi ke riƙe da harshenka. Mu ma mun taɓa gani a gida, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a Kano a 1990, ba ta jira gidan silima ba.

Ina da wasa mai fitowa uku da na rubuta, yana kwance a akwatina, kuma na san da yawa daga cikinku kuna da irinsa. Kullum zancenmu shi ne sai mun sami mai ɗaukar nauyi. Alhali wayar da ke aljihunmu tana ɗauka ta goge sau ɗari ba ko kwabo, ga zauren lacca na kwana a rufe, ga farin bango. 'Yan'uwa 'yan ƙungiya, ni na kawo nawa rubutun taron mako mai zuwa. Mai murya ya zo, mai waya ya zo, mai aron fitila ma muna nemansa.