Daga Maraɗi zuwa Damagaram: ta sama ko ta ƙasa?

 

A kakar bana saƙo ya iske mu a Maraɗi cewa jikin gwaggonmu ya tsananta a Damagaram. Ɗanta da ke karatu a Faransa ya bugo waya cikin damuwa, yana cewa: "Kawu, ku hau jirgi mana, ai garuruwan biyu kowane yana da filinsa." Da gaskiyarsa. Tsakanin filin jirgin saman Maraɗi da na Damagaram, in an miƙe ta sama, kimanin kilomita 200 ne, ƙaramin jirgi yana cinye su cikin minti 40. Ta hanyar ƙasa kuwa, wato babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi gabas, tazarar ta kusa kilomita 240, tafiyar awa 3 zuwa 4.

Sai dai lissafin taswira daban, na matafiyi daban. Ƙananan filaye irin waɗannan ba kullum jirgi ke sauka a cikinsu ba. Muka bincika, a makon nan ba mu samu wanda zai haɗa garuruwan biyu ba. Ko da an samu, akwai zuwa fili da wuri, da awon kaya, da jira, ga kuɗin kujera da ya fi ƙarfin yawancin magidanta. Muka yi shawara, muka shiga mota da hantsi.

Muka wuce Agye da Gazawa. An gama girbi, damman hatsi jibge a bakin rumbuna, itatuwan gawo sun fara sabon ganye a gonaki, kamar yadda suka saba bayan ɗaukewar ruwa. A Tasawa, wadda ke wajen tsakiyar hanya, muka yi sallar azahar raka'a 2. Wani yaro cikinmu ya tambaya: da jirgi muka hau, za mu yi ƙasaru? Dattijon da ya ba mu salla ya ce ƙwarai kuwa. A mazhabar Imamu Malik ana duban tazara ne, ba wahala ba: barid 4, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Matafiyi yana farawa in ya fita daga gine-ginen garinsu, yana cikawa in ya yi niyyar zaman kwana 4 a masauki.

Daga nan sai Maijirgi, inda yara suka yi ta dariya wai ga shi mun samu jirgin, sai Takeita, mararrabar hanyar Matamai da Kano, sai Tirmini. La'asar sakaliya muka shiga unguwar Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram.

Mun tarar da gwaggo a farke. Ta gane mu ɗaya bayan ɗaya, ta sa mana albarka, muka yafi juna. Kwana 2 bayan haka Allah Ya karɓi abinsa. Da mun tsaya jiran jirgi, da gaisuwar ta'aziyya kaɗai za ta kai mu.

Don haka, ƴan uwa, in an kira ku ga majinyaci, kada ku tambayi abin da ya fi gudu; ku tambayi abin da zai tashi yau. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kiyaye matafiya a sama da ƙasa. Amin.