Daga Babban Mutum zuwa Daura: Ɗan tatata ne direban tafiyar

Mutanen Babban Mutum ba baƙin hanya ba ne. Garin na bakin iyaka ne, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure, saboda haka kullum ƙafa na kan titi: wasu su tsallaka Magarya cikin Nijar, wasu su bi ta Ɓaɓura su faɗa Kano. Amma duk wannan tafiyar neman kuɗi ce. Ran da maigida ya ce zai kai iyali "su ga birni", to Daura yake nufi, domin can ne fadar sarkinsu, can ne kuma tushen Hausa.

Sai dai fa akwai wani fasinja da ba a cika shawara da shi ba, alhali shi ne mai yanke hukunci. Wannan kuwa shi ne ɗan yayen nan mai shekara biyu, wanda ya fi ƙarfin zama a goye wuni guda, bai kuma isa ya taka da ƙafarsa daga tasha zuwa fada ba. Idan aka tsara tafiya da agogon manya, kafin azahar ya watsa ta. Idan aka bi nasa agogon, kowa zai dawo gida da fara'a.

Wane lokaci ya dace?

Ba kowane wata ne na yawo da yaro ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Daura kan haura digiri 40, kuma ƙaramin yaro ya fi babba saurin bushewa. Disamba da Janairu ga hazo ga sanyi, abokan mura da tari. Da damina kuma ga sauro. Mafi daɗi shi ne kaka, wajejen Oktoba da Nuwamba, lokacin da rana ta yi sauƙi, kuɗin amfanin gona kuma ya shigo aljihu.

Ko a wane wata ne dai, da sanyin safiya ake kama fara. A yi sallar asuba, a ba yaro kokonsa, a nufi tasha. Maigida mai dabara kan biya kuɗin kujera ɗaya ƙari, musamman kusa da taga, don kada a matse uwa da ɗa tsakanin buhuna. Hanyar bakin iyaka ce, ba a rasa shingen jami'an kwastan da na shige-da-fice, don haka tafiyar kan ɗauki lokaci fiye da yadda direba ya faɗa a tasha. Katin shaida ya kasance a aljihun gaba.

Ita kanta hanyar tarihi ce. Bayan jihadi, a wajejen 1805, lokacin da Fulani suka karɓe Daura, zuriyar tsofaffin sarakunan Haɓe sun koma suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure. Sai a farkon zuwan Turawa aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mayar da shi gadon kakanninsa. Ke nan motar da ta bi ta Ɓaure da Zango ta shiga Daura, sawun sarautar take bi.

Jakar uwargida

A nan ne ake yawan samun 'yar gardama. Maigida zai dubi jaka ya ce, "Haba, ƙaura za mu yi ne?" Ita kuwa ta ce, "Malam, bari dai, in ya fara kuka ni za ka kalla." Kuma gaskiyarta. Abin da bai kamata a bari ba: fulas ɗin kunun gyaɗa, ruwan sha mai tsafta daga gida, kayan canji kala biyu, famfas ko tsummokara, hula, lema, sabulu, da majanyi mai ƙwari. Ko yaro ya iya tafiya, goyo ne mafakarsa idan barci ya zo ko an shiga cunkoso.

A haɗa da ƙullin gishiri da sukari na kemis, wanda ake kira ORS. Canjin ruwa da kwaɗayin kayan talla kan jawo gudawa, ita kuwa gudawa ba ta wasa da ƙananan yara. Idan babu na kemis, ana haɗawa a gida: lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In yaro ya yi laushi ko ya ƙi shan komai, a bar yawo a nufi Babban Asibitin Daura.

Wuri biyu sun isa

Kuskuren da ake yi shi ne son a ga komai a wuni ɗaya. Da ɗan tatata, wuri biyu sun wadatar, na ukun kuma gidan 'yan'uwa ne.

Na farko Rijiyar Kusugu. Kowane ɗan firamare ya san labarin: macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya sare kansa cikin dare ya auri Sarauniya Daurama, har aka haifi Bawo, aka sami Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan cikin gini, akwai masu kula da ita da ke ba baƙi tarihi, ana kuma jawo ruwan a sha. To amma rijiya rijiya ce, ko ta tarihi ce. Yaro ba ya sauka daga hannu a wurin, ko na ƙiftawar ido. Kowa na sauraren mai ba da labari, shi kuwa gogan guga yake hange.

Na biyu ƙofar fada. A nan marigayi Sarki Muhammadu Bashar ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi. Yaro bai san wannan ba, amma jajayen rigunan dogarai da dokin da aka ɗaure za su sa shi tsalle da nuni. Kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, a yi sallama a nemi izini. Fada da ladabi ake shigarta.

Daga nan sai a tari Keke Napep zuwa gidan gwaggo ko kawu kafin rana ta take. Acaba da mutum uku da goyo ganganci ne. Tsakanin azahar da la'asar lokacin barcin yaro ne, kuma ba a taɓa shi. Uwa ta huta a cikin gida, maigida ya zagaya kasuwa shi kaɗai ya yi tsaraba. Idan yana son ganin sabuwar Daura, sai ya leƙa wajen Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ko ya bi ta unguwar da gidan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yake, inda aka binne shi ranar 15 ga Yuli, 2025, ya yi masa addu'a.

In an ce sai ranar hawa fa?

Wasu ba su yarda an je Daura ba sai an ga Hawan Sallah, ko Hawan Magajiya, ko Sallar Gani ta watan Mauludi. Kallo ne na gani ya kori ji, amma ranar ce yara suka fi ɓata. Ga ƙura, ga ƙarar bindigogin gargajiya da kakaki, ga dawakai na sukuwa ba birki. Mai ɗan yaye ya nemi inuwa nesa da hanyar dawaki, ko soron wani ɗan'uwa. A rubuta lambar wayar uba a takarda a maƙala cikin aljihun yaro, domin ɗan shekara biyu in an tambaye shi sunan babansa, "Baba" kawai zai ce. Kuma a raba aiki tun daga gida: wane ne ke riƙe da shi? Yawancin ɓatan yara daga "na zaci yana wurinki" yake farawa.

Da an yi la'asar a nufi tasha. Kada tsarabar ƙarshe ta ja iyali har magariba, don motocin ƙauye kan yi wuya da yamma, tafiyar dare da yaro kuwa ba ta da daɗi.

Wani zai ce, to me yaron zai tuna? Ba zai tuna komai ba, gaskiya ne. Amma hoton da aka ɗauke shi a kafaɗar babansa a bakin Kusugu yana nan. Ran da malamin firamare ya fara labarin Bayajidda, akwai yaro ɗaya a ajin da zai ɗaga hannu ya ce shi fa ya je wurin. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da kowa lafiya.