Dogon RNA da Sankara: Wane Suna Ya Dace da Shi a Hausa?

Cikin kalmomin kimiyyar da ɗalibaina kan kawo mini mu nema musu sunan Hausa, babu wadda ta ɗauke mini hankali kamar wani nau'in RNA da Turawa suka raɗa wa suna da abin da ba ya yi.

Ga asalin maganar. DNA shi ne kundin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, RNA kuwa kwafi ne da ake ɗauka daga gare shi. Abin da ake haɗa furotin da shi bai kai kashi 2 cikin 100 na kundin ba. Sauran, an daɗe ana kiran mafi yawansa shara. Daga nan ne ake kwafo dogayen RNA, masu tsawon fiye da haruffa 200, waɗanda ba sa haifar da furotin.

Ashe ba shara ba ne. A 2003 aka danganta MALAT1 da yaɗuwar sankarar huhu. A 2007 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana HOTAIR, a 2010 kuma aka nuna cewa yakan ja rukunin furotin mai suna PRC2 ya toshe bakin ƙwayoyin gadon da ke hana sankarar mama bazuwa. A 2007 ɗin dai aka gano HULC, wanda ke yawaita a sankarar hanta.

Wannan na ƙarshe ya fi shafarmu, mu mazauna Kalpohin da sauran unguwannin Tamale, domin ciwon hanta nau'in B, wanda ke iya rikiɗewa ya zama sankara, ya yi yawa a arewacin Ghana. Sau da yawa kuma sai ciwo ya ci jiki ake garzayawa Asibitin Koyarwa na Tamale. Begen masana shi ne waɗannan RNA su zama alamar gane cuta da wuri. Tun 2012 Amurka ta amince da gwajin fitsari na PCA3, domin sankarar da ke kama maza a ƙasan mafitsara.

Saboda haka ba na son mu ce "RNA mara furotin", don sunan ya ɓoye aikinsa. Ni na fi karkata ga "dogon RNA mai linzami", tunda shi ke ja ko sakin ƙwayoyin gado. Idan ɗalibi ya ji linzami ya kuɓuce, ba sai an yi masa dogon bayanin yadda sankara ke bazuwa ba.